Kwana Biyar Ɗin Da Kalandar Wondimu Ta Tsallake

Wondimu mai walda ne. Ƙofofi da tagogin ƙarfe yake haɗawa a bakin titin tashar mota a Debre Berhan, kuma a aji shida ya yi sallama da makaranta. Duk da haka shi ya gina wa ƙungiyarsu shafin intanet da hannunsa, a kan wata tsohuwar kwamfuta da ƙanin matarsa ya gaji da ita. Wata huɗu ya yi yana kallon bidiyon masu koyarwa a lokacin hutun rana. Rabin Turancinsu ba ya ji, kibiyar da suke yawo da ita a allo kawai yake bi, inda suka danna ya danna. Shafin da ya fito ba wani kyau gare shi ba, rubutu ruwan ɗorawa a kan kore, hoton ƙauyensu ma ya ɗan karkace. Amma yana buɗewa ko sabis ya yi rauni, kuma babu wanda ya taya shi ko layi ɗaya.

Ƙungiyar tasu, mahbar ɗin Mala'ika Mika'ilu, gida goma sha biyu ce, duk asalinsu ƙauye guda a gangaren Ankobar. Ran sha biyu ga kowane wata na kalandar ƙasarsu, ranar Mika'ilu, ake taruwa a gidan da layi ya zo kansa. A yi addu'a, a yanka babban burodi, a ci injera, faffaɗar wainarsu, a sha talla, giyar gida, a yi gardama, da yamma a miƙa tulun ƙungiya ga gida na gaba. Kowane gida sau ɗaya a shekara. Mutanen gari ba sa buƙatar tuni, kowa ya san sha biyu ga wata. Matsalar tana wajen 'ya'yan da suka watse, na Jidda da na Jamus da na Amurka, da masu aiki a Addis a ofisoshin da ke bin kwanan watan Turawa. Su sai an juya musu ranar zuwa wancan lissafin kafin su nemi hutu ko su kira waya a kan lokaci. Shekara talatin Gashe Belaineh ke wannan aikin, da ka yake yi, babu takarda. A ƙarshen watan Hidar ya rasu. Taron da ya biyo baya, ɗan gidan da ke karɓar baƙi ya iso daga Addis da buhun lemo kwana ɗaya bayan an watse.

Sai a taron watan Tir Wondimu ya ajiye kofinsa ya miƙe.

"Zan sa kalanda a shafinmu. Wanda ke Jidda, wanda ke bayan duniya, ya buɗe ya ga ranar da gidan da za a je, da lissafin da yake ganewa. Magana ta ƙare."

Shimelis tela yana zaune kusa da ƙofa. Ƙanin matar marigayi ne, kuma abokin faɗan Wondimu tun suna kiwon awaki.

"Injiniya ya yi magana, a yi shiru," in ji shi. "Kai da ka yi wa maƙwabcina ƙofa tana buɗewa ta baya, kai za ka zauna a gurbin Gashe Belaineh?"

"Ƙofar lafiyarta ƙalau, magini ne ya juya ta. Kai ka ji da wandon da ka ɗinka wa firist, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ƙafarsa ce ɗaya ta fi ɗaya!"

Aka yi dariya har da firist ɗin. Wata ta ce ai akwai zauren hira a waya, me ya sa ba za a riƙa turawa a can ba.

"Zauren da ake zuba hoton furanni ɗari kowace safiya?" in ji Wondimu. "Ki sa sanarwa da hantsi, kafin la'asar ta nutse ƙarƙashin gaisuwa da siyasa. Ku bar ni da aikina."

Ya samo wata kalanda ta kyauta, irin wadda ake kwafo 'yan layukanta a liƙa a cikin shafi. Sau uku yana liƙa su a inda bai dace ba, shafin ya koma fari fat kamar an share allo. Na huɗu ta fito, akwatuna jere, Lahadi zuwa Asabar. Janairu zuwa Disamba kawai ta sani, amma dama abin da ake nema ke nan. Ya sa taron Yekatit a ran sha tara ga Fabrairu, ya rubuta sunan mai gida. Sai ya ga wani ɗan akwati da ke cewa a maimaita: kowane mako, kowane wata, ko bayan kwana kaza.

Nan ne ya nuna shi ba yaro ba ne. Wani da ya danna "kowane wata" ya tafi shan gahawa. Shi ya tsaya ya yi tunani. Watannin Turawa ba su da tsari, wani talatin da ɗaya, wani ashirin da takwas, kamar haƙoran tsohon zarto. Namu kuwa kowane wata talatin cif. Ya goge, ya rubuta bayan kowane kwana talatin. Ya danna. Kalandar ta cika kanta har shekaru masu zuwa cikin ƙiftawar ido. Ya cire kalandar coci daga bango, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsansa mai baƙin ƙarfe: Megabit daidai, Miyazya daidai, haka har Nahase inda takardar ta ƙare. Ko ɗaya bai kauce ba. Ranar ya ci abinci kwano biyu.

Taro bakwai a jere aka yi babu kuskure. Na Amurka suna kiran bidiyo daidai lokacin yanka burodi. Ɗan Addis ɗin nan mai buhun lemo ya zo taron Ginbot a kan rana, ya riƙe hannun Wondimu da hannu biyu. Shimelis dai cewa ya yi launin shafin yana sa masa ciwon ido, amma an gan shi a shago yana nuna wa kwastoma. Wondimu ya ƙara wani maɓalli ƙarƙashin kowane taro, an rubuta "Zan zo". In mutum ya danna ya sa sunansa, shi kaɗai ke gani, sai ya gaya wa matar gidan yawan injerar da za ta toya.

A watan Hamle wani suna ya faɗo ƙarƙashin taron Maskaram, taron gidan Imama Tiruwark, matar marigayi Gashe Belaineh. Abainesh Belaineh. 'Yarsu ce tilo, shekara bakwai tana Jamus tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Lokacin da mahaifinta ya rasu takardunta ba su fito ba, ba ta samu jana'iza ba, ba ta samu arba'in ba. A ƙarƙashin sunan ta rubuta: "Gashe Wondimu, na samu hutu, zan zo taron gidanmu na farko babu Baba. Don Allah kada a gaya wa Imama."

Ko matarsa bai gaya wa ba. Sai dai tun ranar yake tafiya a titi kamar an ba shi sarautar gari.

Ran biyu ga Fagume ana yayyafi da safe. Matarsa Itenesh tana tsakar gida ƙarƙashin rumfa tana tsince ganyen gesho na haɗa talla. Ta ce gobe ya samo mata bajaj, keke mai ƙafa uku, ya kai buhun ganyen gidan Imama Tiruwark, za su jiƙa.

"Sai yanzu?" in ji shi. "Saura kwana goma. Ruwa za ku ba mutane?"

"Saura sha biyar."

"Goma. Na duba shafi jiya."

Ta ɗago ta dube shi. "Yau biyu ga Fagume. Saura uku ya ƙare, ka ɗora sha biyu na Maskaram. Uku da sha biyu nawa ne a makarantarku ta walda?"

Ya fara ƙirgawa da yatsu.

"Ato Injiniya," ta ce a hankali, "ina ka kai Fagume?"

Babu inda ya kai shi. Mantawa ya yi. Wata ne da babu mai sa shi a jerin watanni, 'yan kwanaki biyar da ke liƙe a wutsiyar shekara. Babu sha biyu ga wata a cikinsa, don haka babu mahbar, babu gidan da layi ke zuwa kansa. Mutum sai ya yi shekara hamsin yana ratsa shi, yana wanka da ruwan samansa don albarka, amma in ka ce ya lissafo watannin taro daga Nahase zai tsallaka Maskaram. A kalandar coci ma ɗan siririn layi ne a gindin shafin ƙarshe. Ita kuwa na'ura abin da aka ce ta yi ta yi: ta ƙirga talatin daga sha biyu ga Nahase, ta bi ta kan Fagume, ta sauka a bakwai ga Maskaram. Sha bakwai ga Satumba ta rubuta. Ranar gaskiya ashirin da biyu ce.

Ya shiga ɗaki ya kunna kwamfutar. Gyaran bai ci minti biyu ba. Ya zauna yana kallon sabuwar ranar. Mutanen gari ba kalandar Turawa suke dubawa ba, na waje kuma sai mako ya rage suke leƙawa. In ya ja bakinsa ya yi shiru, babu wanda zai taɓa sani. Sai mutum ɗaya. Ita ta duba tun Hamle, ta nemi hutunta a kan abin da ta gani, babu abin da zai sa ta sake buɗe shafin. Kuma maɓallin nasa suna kawai yake karɓa, ba ya karɓar lamba.

Ya fito ya tsaya a kan Itenesh ya gaya mata duka. Ta saki ganyen da ke hannunta.

"Wayyo yarinyar nan. Wata biyu kana riƙe da wannan a cikinka, ni ba ka gaya mini ba?"

"An ce kada a faɗa."

"Uwarta aka ce, ba matarka ba. To, lambarta tana wurin mutum biyu, uwarta da kawunta. Ka zaɓa."

Da za a ce ya haɗiye garwashi ko ya je wurin Shimelis da wannan magana, da ya tambayi girman garwashin. Ya yafa bargonsa na auduga ya fita cikin yayyafi.

Shagon cike yake da kayan sabuwar shekara, Shimelis yana kan keke da tsinken allura a baki. Wondimu bai zauna ba.

"Na yi kuskure a kalanda."

Keken ya tsaya. Shimelis ya cire allurar daga bakinsa, ya soke ta a kwala, ya gyara zama. "Sake faɗa, ruwa na dukan kwano, ban ji ba."

"Ka ji. Na manta Fagume. Ranar Maskaram ta matso da kwana biyar."

Shimelis ya kifa kansa a kan keke yana dariya har da dukan tebur. "Fagume! A cikinsa fa muke! Mutum yana tsaye a cikin wata, ruwansa na zuba a kansa, ya ce ya manta shi. Shekara hamsin da biyu a ƙasar nan! Ko a jirgin Turawa aka haife ka ba mu sani ba?"

"Ka gama?"

"Ina! Wannan sai jikokina sun gaji dariyar."

"Abainesh za ta zo. Da waccan ranar ta nemi hutu. Imama ba ta sani ba."

Dariyar ta yanke kamar an ɗauke wuta. Shimelis ya jawo wayarsa daga ƙarƙashin tarin yadi.

"Jakin banza," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Zauna. Ƙarfe shida a agogonmu, da rana tsaka, take fita hutu, ka jira."

Da rana ta take suka kira. Ta ɗauka a wani ɗan ɗaki mai farin bango, sanye da shuɗiyar rigar aiki, tana cin biskit. Ta gaishe da kawunta, ta ga Wondimu, sai ta sa yatsa a baki tana murmushi, alamar sirri. Wondimu bai yi kwana-kwana ba.

"'Yata, ranar da kika gani a shafi ba daidai ba ce. Ashirin da biyu ga Satumba ne taron, ba sha bakwai ba. Laifina ne. Yaushe hutunki?"

Murmushin ya tafi. "Sha huɗu zan sauka. Ran ashirin zan koma."

Kwana biyu kafin taron ke nan.

"Gashe Wondimu, jana'izarsa ban samu ba," in ji ta. "Na ce ko wannan in tsaya kusa da Imama lokacin da za a ambaci sunansa."

"Na sani. Me za a iya yi? Faɗa mini, kada ki ji nauyina."

Ta ce tikiti ba shi ne matsala ba, ana iya matsar da shi. Hutun ne. Shugabarsu tun wata biyu take tsara jadawalin aiki, kuma ba ta canzawa da maganar baki, don an sha yi mata ƙaryar biki da rasuwa. Akwai abokiyar aikinta da za ta yarda su yi musaya, amma sai shugabar ta sa hannu. Ita kuwa sai ta ga shaida daga masu shirya taron cewa ranar ce ta canza, da dalili, da sunan wanda ke da alhaki, a wurin da za ta iya dubawa da kanta. Kwana uku suka rage ta rufe jadawalin.

Da aka kashe wayar Shimelis ya sosa ƙeya. "To ai da sauƙi. Ka rubuta an ɗage taro saboda ruwan sama ya lalata hanya. Baturiya ina za ta sani? Mutanenmu ma ba za su kula ba."

"Mika'ilu bai matsa ba. Ni na matsa."

"To ka ce na'ura ce ta rikice."

"Abin da na ce ta yi shi ta yi. In na yi maka ƙofa ta gajarta da taƙi, ba na zagin tef ɗin awo."

"Ka san abin da garin nan zai yi maka? Ni ma ba zan raga maka ba."

"Kai dama ka taɓa ragawa?"

Ya koma gida ya buɗe shafin. A can sama, inda hoton ƙauyensu yake, ya sa sanarwa da manyan baƙaƙe, ja a kan fari:

"Ni Wondimu Asnake, mai kula da wannan shafi, na sa ranar taron Maskaram ba daidai ba. Na rubuta 17 ga Satumba, ranar gaskiya 22 ce. Dalili: shekararmu wata goma sha uku ce, na manta na goma sha ukun. Ba coci ta canza ba, ba masu gida ba, ba na'ura ba. Duk wanda ya shirya tafiya a kan ranar farko, a kan kuskurena ya shirya."

Ya sa hotonsa na katin shaida, wanda ya fito kamar ɓarawon akuya, ya sa lambar wayarsa. Ya juya rubutun zuwa Jamusanci da na'urar fassara, ya tura wa Abainesh ta gyara inda ya zama shirme, ya liƙa a ƙasa. Sunanta bai fito ko'ina ba. Ya danna ya wallafa, ya tashi ya tafi bakin aikinsa.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Wani ya ɗauki hoton sanarwar ya jefa a zauren waya, kuma a karon farko abu ya ƙi nutsewa ƙarƙashin furanni. Daga Jidda aka kira ana tambaya ko an ga Fagume, ko a sa cigiya a rediyo. Mai shayin tasha ya ce zai riƙa ba shi kofi goma sha uku don ya saba da adadin. Direbobin bajaj in sun zo wucewa sai su danna hon sau biyar. Wondimu ya sauke gilashin walda a fuskarsa ya ci gaba da aiki. Wanda ya tsaya ya tambaye shi baki da baki kuwa amsa ɗaya yake ba shi: "E, ni ne. Akwai ƙari?"

Washegari ya rufe shago da wuri ya tafi coci. Ya roƙi firist ya buɗe masa littafin lissafin kwanaki, ya zauna a kan benci da biro da kwalin siminti da ya yage. Ya kwafe ranakun Mika'ilu na shekara uku, har da shekarar da Fagume ke yin kwana shida. Ya dawo ya goge maimaitawar nan gaba ɗaya, dabarar da ya yi wata bakwai yana taƙama da ita. Ya shigar da taro talatin da shida da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kwanan wata biyu, namu a sama na Turawa a ƙasa. Itenesh na zaune gefe tana gasa gahawa, shi yana karantowa ita tana ƙirgawa da yatsu. Sau biyu ta kama shi. Bai yi musu ba ko sau ɗaya, abin da ta ce tun aurensu ba ta taɓa gani ba.

Ran biyar ga Fagume, jajibirin sabuwar shekara, yana tsakiyar haɗa ƙyauren wani shago wayarsa ta yi ƙara. Lambar waje ce. Muryar wata mata, da Turanci a hankali, tana tambaya ko shi ne mutumin da ke cikin hoton.

Ya kashe injin. Ya tattaro duk Turancin da ya tsinta a bidiyo. Ya ce shi ne. Ya ce kuskurensa ne. Ya ce wata goma sha uku gare mu.

"Goma sha uku?" in ji matar.

"Goma sha uku. Ɗaya ƙarami. Kwana biyar."

Ya ji ana taɓa madannai ta wancan gefen. Tana dubawa ne. Sai ta yi wani ɗan sauti kamar wadda ta ga abin mamaki, ta yi godiya, ta kashe. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ya tsaya da wayar a hannu. Ya kunna injin, ya kashe. Ya zagaya ƙyauren sau biyu. Ƙyauren da ba ya cin awa guda ranar bai gama shi ba. Sai dab da zai rufe shago saƙo ya shigo daga Abainesh: "Ta sa hannu. Ashirin da ɗaya zan sauka Addis." Ya karanta sau uku, ya sa wayar a aljihu, ya kulle shago, ya biya ta wurin Shimelis ya leƙa kai kawai.

"An sa hannu."

Shimelis bai ɗago daga keke ba. "Da ma ka san ba don kai ba ne, hotonka ne ya ba ta tausayi."

Ran sha biyu ga Maskaram rana ta fito tar. An baza ɗanyar ciyawa a falon Imama Tiruwark, an sa furannin adai masu ruwan ɗorawa a kwalba, hayaƙin turare ya cika ɗaki. Gida goma sha biyu duk sun hallara. Kujerar Gashe Belaineh tana inda take, babu wanda ya zauna a kai. Imama tana sanye da baƙi har yanzu, tana zagayawa da butar talla, fuskarta a ɗaure irin ta wadda ta rantse ba za ta yi kuka gaban baƙi ba. Da ta iso kan Wondimu ta tsaya.

"Wondimuye, an ce ka zubar da kwana biyar a hanya."

"Haka ne, Imama."

"Mai gidan nan shekara talatin ko kwana ɗaya bai taɓa zubarwa ba, kuma ba shi da inji."

"Haka ne, Imama."

Ta cika masa kofi ta wuce. Shimelis da ke gefensa ya sunkuyar da kai yana kallon agogo. Ƙarfe biyar a agogon gida Abainesh ta ce za ta iso daga Addis, ga shi shida saura. Firist ya miƙe, ya gyara mayafinsa, aka kawo babban burodin a faifai. In aka yi addu'a aka ambaci sunan marigayi aka yanka, an wuce wurin.

"Abba," in ji Wondimu da ƙarfi, "ina da tambaya a kan lissafin shekara mai kwana shida."

Firist ya dube shi ta saman tabarau. "Yanzu?"

"Yanzu. Kada in sake kuskure."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Shimelis ya tsoma baki ya ce a yi masa bayani tun daga halittar duniya, kan nasa ƙarfe ne. Firist mutum ne mai son a tambaye shi, ya ajiye wuƙar ya fara. Ya kai wajen masu bishara huɗu da yadda suke karɓar shekaru bi da bi, sai aka ji bajaj ta tsaya a ƙofar gida.

Abainesh ta shigo da farin mayafi a kanta, jaka ɗaya a kafaɗa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa gaba. Imama tana bayan faifan burodi, ta ɗago don ganin wane ne ya makara haka. Butar da ke hannunta Itenesh ce ta cafe ta kafin ta kai ƙasa.

Matan suka ɗauki guɗa har maƙwabta suka leƙo. Imama ba ta yi guɗa ba. Ta riƙe fuskar 'yarta da hannu biyu tana shafawa, goshi, kunci, haɓa, tana cewa, "Kin rame. Ba sa ba ki abinci? Kin rame." Sai kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace. Aka bar su. Da suka lafa, firist ya yi addu'a, ya ambaci sunan Belaineh, 'yarsa na tsaye kafaɗa da kafaɗa da uwarta. Ita aka ba wuƙar ta fara yankan.

Ana cikin cin abinci Imama ta share ido ta ce, "Ke wa ya gaya miki ranar? Ubanki ne ke kiranki, ni ban iya lissafinsu ba."

"A shafin Gashe Wondimu na gani." Ta ba ta labarin duka, ranar farko, da kiran waya, da sanarwar da hotonsa, da Baturiyar da ta kira Debre Berhan don ta ji ko da gaske akwai wata na goma sha uku.

Imama ta saurara har ƙarshe. Ta miƙe. Ta wanke hannu, ta yago injera mai faɗi, ta ɗora tsokar kaza da rabin ƙwai, ta naɗe loma wadda ta kai dunƙulen hannu. Ta ratsa ɗakin, mutane na janye ƙafa, ta tsaya gaban Wondimu.

"Buɗe."

Ya buɗe. Ta tura masa ita duka, ta dafa kansa da ɗaya hannun kamar yaro.

"Jama'a ku shaida," in ji Shimelis, "yau an samu abin da ya rufe bakin injiniya."

Wondimu bai iya amsawa ba, kumatunsa sun cika, yajin ya kawo masa ruwa a ido. Ya jingina da bango ya miƙe ƙafa a kan ciyawa, yana taunawa a hankali, bai yi sauri ba.